Mu Jona Banɗakunanmu da Kwata Kamar Yadda Aka Yi a Turai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a cikin garin Bauchi, kuma ni ne sakataren kwamitin ci gaban unguwarmu. Kusan kowace damina sai amai da gudawa ta taɓa mu. Mun fara tara kuɗi, sai wasu daga cikinmu suka kawo shawarar a gina babbar kwata mai rufi, kowane gida ya jona bututun banɗakinsa a ciki, wai haka Turawa suka yi suka rabu da kwalara. Gaskiya ne? Mu ma hakan ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, Allah ya saka wa kwamitinku da alheri. Kada ku jona. Masu wannan shawara daga tsakiya suka tsinci labarin. Gaskiya ne mutanen Landan sun taɓa yin abin da ake so ku yi, suka juye banɗakunansu cikin magudanan ruwan sama, amma abin da ya biyo baya shi ne annobar kwalara mafi muni da birnin ya taɓa gani. Abin da ya cece su daga baya wani aiki ne dabam. Aikin duba-gari na yi har na yi furfura a kansa, saboda haka ka yi haƙuri in na ja zancen, so nake in ka tashi a gaban kwamiti ka samu abin kare maganarka.

Gina magudana ba sabon abu ba ne. A Mohenjo-daro, wani tsohon birni da aka tono a ƙasar Pakistan ta yau, an tarar da gidaje masu wurin wanka da magudanan tubali masu rufi suna bin tituna, tun wajen shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Birnin Rum ma yana da babbar magudanarsa, Cloaca Maxima, tun wajen ƙarni na 6 kafin miladiyya, tana zuba a kogin Tiber. Sai dai masu tonon kufai da suka auna ƙasar wuraren bahayar Rumawa sun tarar da ƙwayayen tsutsar ciki jingim, ba su ragu a kan na mutanen da suka gabace su ba. Sun iya kawar da ƙazanta daga gaban ido, ba su iya raba ta da bakin mutum ba.

A farkon ƙarni na 19, tsarin Landan bai yi nisa da namu ba. Kowane gida da ramin salgarsa, an ƙiyasta sun kai 200,000. In rami ya cika, masu kwasa su zo da dare su yashe, su sayar wa manoman bayan gari su yi taki. Magudanan ƙarƙashin titi na ruwan sama ne zalla, har zuwa 1815 laifi ne mutum ya zuba najasar gidansa a ciki. Ana nan sai yayin masai na ruwa ya shigo, irin wanda ake kora wa ruwa. Masu hali suka yi ta sakawa. Ramin da a da yakan daɗe bai cika ba, yanzu kullum ruwa na kwarara cikinsa, sai ya riƙa tumbatsa yana malala tsakar gida. Jama'ar birnin kuma ta ninka, daga kimanin miliyan 1 a 1801 zuwa sama da miliyan 2 a 1851.

Likitocin wancan zamani sun tafi a kan cewa wari ne ke kawo cuta. Babban mai wannan ra'ayi shi ne Edwin Chadwick, wanda rahotonsa na 1842 kan ƙazantar unguwannin talakawa ya girgiza Ingila har aka yi dokar lafiyar jama'a ta 1848. Mutum ne mai kishi, kuma ya yi abin kirki da yawa. Amma tunda a ganinsa wari ne abokin gaba, maganinsa shi ne a kore najasa daga gidaje da gaggawa, ko ina za ta je. Hukuma ta ba da umarni a riƙa cike ramukan salga, gidaje su jona da magudanan titi. Magudanan nan kuwa duk a kogin Tems suke zuba, kogin da kamfanonin ruwa ke ɗiba suna sayar wa mutane su sha. An gudu ba a tsira ba. Kwalarar 1832 ta kashe kimanin mutum 6,500 a Landan, ta 1848 zuwa 1849 ta kashe sama da 14,000, ta 1853 zuwa 1854 ta ƙara kwashe sama da 10,000.

Wanda ya gano bakin zaren wani likita ne, John Snow. Shi ya ce cutar da ke farawa da hanji, ta baki take shiga, ba ta hanci ba. A ƙarshen Agustan 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho, cikin kwana 10 ta kashe sama da mutum 500. Snow ya bi gida-gida yana rubuta inda aka yi rasuwa, ya zana su a taswira, sai ga su sun yi dandazo kewaye da wani famfon tuƙa-tuƙa da ke titin Broad. Akwai gidan gajiyayyu a kusa, mai mutum sama da 500, amma biyar kaɗai suka mutu, don suna da tasu rijiyar. Akwai kuma wata dattijuwa can nesa a Hampstead, inda babu annobar, ita ma ta mutu. Da aka bincika, ashe ta taɓa zama a Soho, tana son ɗanɗanon ruwan famfon nan, kullum sai an kai mata shi a kwalba. Ka riƙe wannan, Malam: ruwan famfon garau yake, har suna ya yi wajen daɗin sha.

Snow ya shawo kan hukumar unguwa aka cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba. Masu ba da labari kan ce nan take annoba ta tsaya, amma ta riga ta fara lafawa, don mutane da yawa sun gudu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wanda wani limamin coci, Henry Whitehead, ya tono daga baya. Shi da farko ƙaryata Snow ya fito yi. Binciken nasa ya kai shi gida mai lamba 40 a titin Broad ɗin, inda wata jaririya ta yi gudawa kafin ɓarkewar annobar. Uwar ta wanke tsummokaran kashinta, ta zuba ruwan a ramin salgar ƙofar gida. Da aka tone wurin, sai aka ga tsakanin ramin da rijiyar famfon bai kai mita 1 ba, tubalin ramin kuma ya ruɓe yana tsatsafowa. Mutum 616 suka tafi ta wannan tsaga.

Snow ya yi wani binciken da ya fi wannan ƙarfi. A kudancin Landan kamfanonin ruwa biyu ne ke bin tituna ɗaya, wannan gida na wannan kamfani, maƙwabcinsa na wancan. Ɗaya, kamfanin Lambeth, ya mai da wurin ɗibar ruwansa can saman kogi a 1852, inda najasar birni ba ta kaiwa. Ɗayan, Southwark da Vauxhall, ya ci gaba da ɗiba a tsakiyar gari. A cikin kowane gida 10,000 da ke shan ruwan na biyun an yi mutuwa 315, a na Lambeth 37. Iska ɗaya suke shaƙa, wari ɗaya suke ji, ruwan sha ne kaɗai ya bambanta su.

Duk da haka manya ba su yarda ba. An mai da hannun famfon, Snow ya rasu a 1858 ba a karɓi maganarsa ba. Abin da ya motsa gwamnati wari ne. A bazarar 1858 aka yi zafi mai tsanani, Tems ya ja baya, najasar shekaru ta fito fili tana dahuwa a rana. Ginin majalisar dokoki kuwa a bakin kogin yake. Aka jiƙa labule da sinadari aka rataya a tagogi, a banza. Dokar da aka shekara da shekaru ana jan ƙafa a kanta, cikin kwana 18 ta wuce. Mutum dubu talatin sun mutu ba a motsa ba, wari ya shiga hancin 'yan majalisa kuɗi ya fito. Wannan hali ba a Ingila kaɗai yake ba, na bar shi haka.

Injiniya Joseph Bazalgette aka danƙa wa aikin. Dabararsa ita ce ya gina manyan magudanai da ke tafiya a gefen kogi, suna tare najasar kafin ta faɗa ruwa, su ɗauke ta zuwa gabas can bayan gari, inda manyan injuna ke ɗaga ta a sake ta lokacin da ruwan teku ke janyewa. Manyan sun kai kilomita 132, ƙananan na cikin tituna kimanin kilomita 1,800, aka ci tubali miliyan 318. An fara a 1859, aka kai wajen 1875 kafin a kammala. A 1866 kwalara ta sake dawowa, ta kashe kimanin mutum 5,600, kusan duk a gabashin birni inda aikin bai kai ba, kuma inda wani kamfani ya ba mutane ruwan da bai tace ba. Daga ita Landan ba ta sake ganin annobar kwalara ba. Wato shi Bazalgette ma wari ya fito kora, amma da yake ya nisanta najasa daga inda ake ɗibar ruwan sha, sai ya dace da abin da Snow ya faɗa.

In wani a kwamitinku ya ce to ai ga shi magudana ce ta yi maganin, ka ba shi labarin Hambog ta Jamus. Tun bayan gobarar 1842 birnin ya gina magudanan zamani, yana cikin na farko a nahiyar Turai. Amma ruwan shansa daga kogin Elbe yake ɗiba ba tacewa. A 1892 kwalara ta kashe kimanin mutum 8,600 cikin 'yan makonni. Maƙwabciyarsa Altona, wadda gine-ginensu a haɗe suke, a ƙasan kogi take ɗibar ruwa, wato bayan najasar Hambog ta shiga, amma tana tace shi ta cikin yashi. Da ƙyar annobar ta taɓa ta. A lokacin wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya riga ya ware ƙwayar cutar, a bincikensa na Masar da Kalkata tsakanin 1883 da 1884, saboda haka gardama ta ƙare. Daga nan sauran suka biyo: birnin Jersey na Amurka ya fara zuba kulorin a ruwan famfo a 1908, a Manchesta kuma aka fito da hanyar sa ƙananan halittu su cinye dattin ruwan najasa a 1914. A 2007 mujallar likitocin Birtaniya ta tambayi masu karanta ta wane ci gaba ne ya fi amfanar lafiyar ɗan Adam tun 1840, suka zaɓi tsaftataccen ruwa da kawar da najasa, a kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta da allurar rigakafi.

Ka ga abu uku ne suka haɗu: rufaffen bututun da ke ɗauke najasa, wurin da ake kai ta a kashe mata dafi, da ruwan sha da aka tace aka sa masa kulorin. Kwatar da ake so ku gina ko na farkon ba ta cika ba.

A nan ƙasar, Turawan mulki ba su gina mana irin na Landan ba. Sun ware unguwarsu can gefe, a bariki da gidajen ma'aikata aka yi masai na bokiti da ake kwashewa da dare, cikin gari kuma aka bar shi da salga da duba-gari. Dattawan Bauchi sun san yadda mata ke kifar da randa in an ce ga duba-gari nan tafe. Kwalarar da muke fama da ita yanzu daga Indunusiya ta taso a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970, ta shigo Najeriya a ƙarshen wannan shekarar. A 1971 kusan mutum 23,000 suka kamu, kusan 3,000 suka rasu. A 1991 sama da 59,000 suka kamu, sama da 7,600 suka rasu. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, da kimanin 3,600 da suka rasu, kuma jihar Bauchi ce ta fi kowace yawan masu kamuwa, sama da 19,000. Har yau, in ka cire Abuja mai magudanan ƙarƙashin ƙasa da matatar najasa ta Wupa, babu birnin da ke da cikakken tsari irin wannan a ƙasar nan.

Yanzu mu dawo kan kwatarku. Tambayar farko da za ka yi wa kwamiti ita ce: ina za ta ƙare? Kwatar unguwa lambatu take faɗawa, lambatu ya faɗa rafi, rafin nan kuma shi ne yara ke wanka a ciki, shi masu lambu ke ja da injin ban-ruwa su shayar da latas da kabeji da karas, waɗanda za su dawo kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti a saye su a ci ɗanye. Abin da Chadwick ya yi wa Tems ke nan, za ku cire cuta daga gidajenku ku aika wa na ƙasa da ku, ta zagayo ta same ku a faranti.

Sannan magudanar najasa da ruwa take tafiya. Kora ɗaya ta masai na zamani tana cin lita 6 zuwa 9. Jarka mai lita 25 da kake saye wajen 'yan ga-ruwa kora uku ce ko huɗu. Gida mai mutum 10, ko sau ɗaya kowa ya zagaya a rana, jarka uku zuwa huɗu sun tafi, ba a yi girki ba, ba a yi wanki ba. Wa zai jure wannan a watan Maris? Abin da za a yi shi ne a kora da buta ɗaya, kashin ya tafi taku kaɗan ya zauna. Wata shida zuwa bakwai babu ruwan sama a Bauchi, zai taru a faffaɗar kwata tare da leda da yashi da robar ruwa, ƙudaje da kyankyasai da ɓeraye su samu gida. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ko aka shiga marka a Agusta, kwatar da ta toshe za ta amayo abin da ta tara, ya bi lungu, ya shiga zaure, ya gangara rijiyoyin da ba su da baki.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Ka zaga unguwarku ka duba inda ƙananan bututun roba na ruwan famfo suka bi. Za ka ga da yawa a cikin kwata aka shimfiɗa su, don nan ne ba sai an yi haƙa ba, wasu an ɗaure tsagarsu da robar tayar keke. Ko da ruwa ya baro matatar Gubi a tace da kulorin ɗinsa, ba kullum yake zuwa ba. Muddin da ruwa a bututu, ƙarfinsa waje yake turawa. Da an ɗauke, bututun da ya zama fanko sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta kowace tsaga. Ranar da aka kawo ruwa, wannan ne zai fara fitowa a famfonka. Ko a yanzu da ba ku jona ba, kwata ba ta rasa najasa. Shi ya sa masu yaƙi da shan inna, tun 2011 da suka fara a Kano, daga manyan magudanai suke ɗibar ruwa su kai ɗakin gwaji don su san ko ƙwayar cutar na yawo a gari.

To me ke kawo muku amai da gudawa duk damina? In zan yi zato tun ban zo na gani ba, rijiya da salga zan fara tuhuma. Garin Bauchi a kan dutse yake zaune. Ruwan da rijiyoyinmu ke samu yana cikin 'yar ƙasar da ke saman dutsen ne da tsagoginsa, shi ya sa ba su da zurfi. Da rani ruwan ya yi ƙasa, ramin salga na sama a bushe, ƙasar da ke tsakani tana tace abin da ya tsatsafo. Da damina ruwan ƙasa ya taso har ya taɓa gindin ramin, salga da rijiya su zama ruwa ɗaya. In kuma ya samu tsagar dutse, gudu yake yi ba tacewa. A Gombe lamarin ya sha bamban, can yashi ne, ruwa na da nisa a wurare da yawa, matsalarsu rami ya rufta ko kwari ya cinye shi. Ƙa'idar da ake aiki da ita ita ce mita 30 tsakanin ramin salga da rijiya, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. Na san abin da za ka ce. Fili mai ƙafa 50 faɗinsa mita 15 ne, a cikin tsohon gari ma gidaje da yawa ba su kai haka ba. Kuma ruwan ƙasa bai san katanga ba: kana iya nisanta salgarka da rijiyarka, alhali ta maƙwabcinka na jingine da ita ta bayan bango. Wannan shi ne aikin da mutum ɗaya ba zai iya ba sai kwamiti.

Masu gini ma suna da nasu laifin. Tankin najasa na gaskiya ɗaki biyu ne, an shafe shi da siminti ciki da ƙasa, kauri ya kwanta a ɗakin farko, ruwa-ruwan ya tsallaka na biyu, daga nan ya wuce sokawe. Abin da aka fi ginawa yanzu rami ɗaya ne da aka jera wa bulo aka bar gindinsa a buɗe. Sai ka ji maigida na alfahari wai nasa ramin bai taɓa cika ba. In bai cika ba, wani wuri abin ke tafiya, galibi kuma wurin da guga ke sauka ne.

Gyaran masai ba ya buƙatar kuɗin Landan. A Zimbabuwe, a shekarun 1970, Peter Morgan ya fito da salga mai bututun iska: dogon baƙin bututu da ya zarce rufi, an ɗaure bakinsa da raga, ɗakin kuma da ɗan duhu. Iska na jan wari ta sama, ƙudan da ya shiga rami ya bi haske ya hau bututu, raga ta tare shi ya mutu a nan. Akwai kwanon roba na SATO da ake sayarwa a kasuwanninmu, mai marfin da ke rufe kansa, ruwa kaɗan yake ci. A Indiya sun yawaita rami biyu: a yi amfani da ɗaya, in ya cika a rufe shi a koma ɗayan, bayan shekara 2 abin da ke cikin na farko ya zama ƙasa mara wari da za a kwashe da shebur. A inda ruwan ƙasa ke kusa, ɗaga ramin ake yi sama da ƙasa, ba a zurfafa shi.

Wurin da aka fi sakaci shi ne bayan rami ya cika. Maigida ya kira masu yasa ko motar zuƙa, ya biya, ya ga an tafi, shi ke nan a wajensa. Ba ya tambayar ina za a kai. Wasu a kwata suke juyewa da tsakar dare, wasu a rafi, wasu a gonar da ke bakin hanya. Haiti ta fi shekara 100 ba ta ga kwalara ba, sai a 2010 najasar wani sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga wani rafi da ke zuba a kogin Artibonite. Kimanin mutum 10,000 suka mutu, a 2016 Majalisar ta nemi afuwa. Mu kuwa Allah ya ba mu abin da Landan ba ta da shi, rana. Fili a bayan gari, da shimfiɗun yashi na shanya najasa da tafkunan da za ta kwanta, sun isa su mai da ita taki in an ba ta lokacinta. Wannan aikin gwamnati ne, kuma shi ya kamata ku riƙa ƙwanƙwasa wa hukumar kare muhalli ta jiha da ƙaramar hukuma ƙofa a kansa. Gargaɗi ɗaya a nan: kada kowa ya shiga ramin masai ko sokawe, ko don waya ta faɗa, ko don ceton wanda ya faɗa. Iskar da ke ciki tana kayar da mutum kafin ya yi ihu, shi ya sa ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya.

Ban ce bututun najasa ba zai taɓa yiwuwa a Bauchi ba. A unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, daga 1980, Akhtar Hameed Khan ya jagoranci talakawa suka haɗa kuɗi lungu-lungu suka shimfiɗa ƙananan bututu rufaffu da hannunsu. A birnin Salvador na Birazil, da aka kai magudanan najasa daga kashi 26 na gidaje zuwa kashi 80, gudawar yara ta ragu da sama da kashi 20, a unguwannin da ta fi tsanani ma da kashi 43. Amma duk bututu ne rufaffe, dabam da hanyar ruwan sama, a gidajen da ke samun ruwan kora, kuma ko Orangi sai da ta jira hukuma ta gina manyan hanyoyin da za su karɓi abin da lungunan ke fitarwa. Sabbin rukunin gidaje, makarantun kwana, bariki da asibitoci su ne wuraren da za a fara da su. Unguwar da ke sayen ruwa a kura ba ta kai nan ba tukuna.

Wajen jawo hankalin jama'a ba ku da wahala. Abu Dawud ya ruwaito hadisin Mu'azu ɗan Jabal da ke gargaɗi kan abubuwa uku masu jawo tsinuwa: bahaya a mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwar da ake hutawa. Maƙwabtanku Kirista kuma suna da umarnin da ke Kubawar Shari'a sura 23, a fita bayan zango, a tona rami, a rufe. Dass da Warji na jihar Bauchi suna cikin ƙananan hukumomin farko a Najeriya da aka tabbatar sun daina bahaya a fili, Jigawa kuma ta zama jiha ta farko a 2022, ba da wata babbar magudana ba, da sarakuna da limamai da mata da suka tsaya. Abin da zan ƙara wa masu wa'azi shi ne kashin yara. Iyaye mata da yawa na ganin ba shi da illa, a wanke fo a bakin rijiya, a watsa ruwan tsakar gida. Na yaro ya fi na babba haɗari, don shi ya fi yawan gudawa. A juye fo a masai, a wanke shi nesa da rijiya, a wanke hannu da sabulu ko toka, don ruwan buta kaɗai ba ya fitar da ƙwayar cuta.

Da ni ne ke riƙe da kuɗin kwamitinku, kafin ruwan Mayu ya sauka zan sa matasa su bi gida-gida da igiyar awo, su zana unguwar a takarda, kowace rijiya da kowane ramin salga da nisan da ke tsakani, har da na bayan katanga. Rijiyar da ta yi kusa a mai da ita ta wanki, a daina sha. Sauran a ɗaga musu baki, a yi musu daɓen siminti mai gangara kewaye, a sa murfi, a ware guga ɗaya da ba ta taɓa ƙasa, a nemi jami'an tsafta na ƙaramar hukuma su zuba musu kulorin. A gida, ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa maganin kulorin a jira minti 30. Alam kwantar da laka kawai yake yi, ba ya kashe komai. Gidan haya da makarantar allo da masallaci da ba su da masai, nan kuɗin gini zai fara zuwa. Ku ajiye ƙullin gishiri da sukari na asibiti a gidan mai unguwa, duk wanda ya fara zawo kamar ruwan shinkafa a fara ba shi tun a hanya, in babu a haɗa lita 1 ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kwalara mai tsanani tana iya kashe rabin waɗanda ba a kula da su ba, in an mai da musu ruwan jiki da wuri kuwa ko ɗaya cikin ɗari ba ya mutuwa.

Ita kwatar, ku gina ta, unguwa na buƙatarta, amma don ruwan sama da na wanke-wanke kawai. A ba ta gangara sosai, a rufe ta da falankin siminti da mutum biyu za su iya ɗagawa ranar yasa, kada a zuba mata kankare a dunƙule. Kafin birkila ya fara aiki, a ciro duk bututun famfon da ke kwance a cikinta a bi da su ta gefe, inda dole sai sun tsallaka kuma a zura su cikin bututun ƙarfe su bi ta sama.